Makaho a gaban kwamfutar situdiyo: wai ta yaya yake haɗa waƙa alhali ba ya ganin allo?

Wai da gaske ne mutumin da ba ya gani zai iya zama gaban kwamfuta a situdiyo ya ɗauki murya, ya yanka, ya jera kiɗa, ya yi miksin har waƙa ta fita ba tare da wani ya riƙe masa maus ba? Duk sanda bidiyon wani mai lalurar gani yana irin wannan aikin ya zagayo wayoyin mutane sai ka ji an kasu biyu, wasu su ce ai shiri ne akwai wani a gefe yana danna masa, wasu kuma su ce baiwa ce kawai daga Allah wadda ba a koyonta. Dukkansu ba su faɗi daidai ba. Aiki ne da ake koyo, yana da kayansa da hanyoyinsa, akwai makafi da yawa a duniya da suke cin abinci da shi, a nan Najeriya ma Cobhams Asuquo da aka haifa ba ya gani yana cikin manyan furodusoshin da ƙasar nan ta taɓa yi.

Maganar ta ƙara tasowa a 2024 lokacin da kamfanin Ableton na Jamus ya fitar da Live 12 ya ce yanzu manhajarsa ta haɗa kiɗa tana aiki da abin karanta allo, wato sikirin rida, sai masu gani da yawa suka yi mamaki, au dama da ba ta yi? Eh ba ta yi, kuma har yanzu akwai manya-manyan manhajoji da ba sa yi. Abin da nake so a gane shi ne haɗa sauti aikin kunne ne tun asali, abin da yake tare wa makaho hanya shi ne yadda aka gina manhajar, kuma wannan zaɓi ne na waɗanda suka gina ta da waɗanda suka ɗora ta a kwamfutar situdiyonsu.

Mene ne sikirin rida, kuma me take iya karantawa?

Sikirin rida manhaja ce da take zama a cikin kwamfuta ko waya tana faɗa wa mutum da murya abin da yake kan allo. Ka danna maɓalli ta ce maka ga inda kake, ka matsa gaba ta ce ga abu na gaba. A Windows manya guda biyu ne, akwai JAWS ta kamfanin Freedom Scientific na Amurka wadda ta daɗe kuma tana da tsada sosai, sannan akwai NVDA wadda kyauta ce, wani makaho ɗan Ostireliya Michael Curran ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh shi ma makaho ya shigo suka ci gaba tare. A kayan Apple kuma VoiceOver ce, tana zuwa a cikin Mac tun 2005, a iPhone tun 2009. Masu Android sun san TalkBack.

Toh ga inda mutane suke kuskure. Suna zaton sikirin rida kallon allo take yi kamar ido sai ta karanta. Ba haka ba ne, tambaya take yi. Duk manhajar da ka buɗe, sikirin rida tana tambayarta ta wata hanya da Windows ko Mac suka tanada, wannan abin da aka tsaya a kai mene ne sunansa, wane iri ne, maɓalli ne ko akwatin rubutu ko abin ja sama da ƙasa, kuma a nawa yake yanzu. Idan wanda ya rubuta manhajar ya saka amsoshin nan sai ka ji ta ce maka ga abin ƙara sauti yana kan kaza. Idan bai saka ba shikenan, ko allon ya cika maƙil da maɓallai ɗari masu kyau da walƙiya ita ba ta san da su ba, sai ta yi shiru ko ta faɗi wata kalma guda mara amfani. Kamar ɗan jagora ne da ya shiga da kai kasuwa amma ba ya iya gaya maka komai sai abin da aka rubuta a allon shago, shagon da ba rubutu ko da zinare ake sayarwa a ciki wucewa za ku yi.

Me ya sa manhajojin kiɗa suka fi sauran ba da wahala?

Word da burauza da imel yawanci suna amfani da maɓallan da Windows ko Mac suka riga suka tanada, waɗannan kuwa sunansu a jikinsu yake tun daga gida. Su kuma masu manhajar kiɗa, wato abin da 'yan situdiyo suke kira DAW, kusan kowa zana nasa yake yi da kansa. Suna so fuskar ta yi kama da teburin miksa na gaske, suna so ta zama iri ɗaya a Windows da Mac, suna so layin sauti ya riƙa motsi ba tsayawa. Sai duk tagar ta zama hoto guda ɗaya babba wanda maus ne kawai ya san inda zai taɓa.

Abin takaicin shi ne a da ba haka abin yake ba. Zamanin tef da babban teburin miksa komai a hannu yake, kowane layi yana da abin murɗawarsa, ka lalubo na uku daga hagu ka san na ganga ne, ka ji inda ya tsaya da yatsa. Ray Charles yana da situdiyonsa a Los Angeles kuma da hannunsa yake sarrafa teburin. Da aiki ya koma cikin kwamfuta ya yi arha ga kowa, yaro da laptop ɗaya zai yi abin da a da sai ɗaki cike da inji, amma a daidai wannan lokacin ne makaho ya rasa abin da yake taɓawa.

Makafi ba su zauna ba, sun yi ta rubuta ƙananan umarnin kwamfuta da ake kira sikirif suna ɗorawa kan JAWS don ta iya magana da wasu manhajoji. Wanda ya fi shahara shi ne na Cakewalk Sonar, akwai CakeTalking na kamfanin Dancing Dots akwai kuma JSonar, shekaru da yawa idan ka ji makaho yana haɗa kiɗa a Windows toh Sonar ne. Sai kamfanin ya sake fasalin manhajar gaba ɗaya bayan Sonar 8.5, sabuwar fuskar ba ta jituwa da sikirif ɗin, mutane suka maƙale a tsohuwar shekara da shekaru suna tsoron abdet, a ƙarshen 2017 kuma Gibson da ya mallaki Cakewalk ya rufe shi kafin BandLab ya saye kayan a 2018. Wannan labarin ne ya sa har yau tsofaffin hannu a harkar ba sa sakin jiki da duk gyaran da aka liƙa daga waje, don rana ɗaya mai manhaja zai matsar da maɓalli komai ya rushe.

REAPER da OSARA: yadda aikin yake a aikace

Yau idan mai lalurar gani ya tambaya da me zan fara, amsar da zai fi ji ita ce REAPER. Kamfanin Cockos ne yake yin ta, na Justin Frankel wanda ya yi Winamp ɗin nan da muka sha jin waƙa da shi a kafe, ta fito a 2006. Ba don makafi aka yi ta ba, amma tana da wani hali da ya yi musu daidai, kusan duk abin da ake yi a cikinta yana da suna a wani dogon jeri na umarni kuma kowane umarni za ka iya ɗaura masa maɓallin kibod, sannan ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai son rubuta ƙari. Ta wannan ƙofar James Teh ɗin nan na NVDA, wanda shi ma makaɗi ne, ya shiga ya rubuta OSARA. Kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac, aikinta shi ne duk abin da ka yi a REAPER ta miƙa wa sikirin rida bayaninsa ta faɗa maka.

Bari mu bi aiki guda mu gani. A ce mai ƙasida ya zo zai ɗora murya a kan kiɗan da aka riga aka yi. Injiniyan ya danna Control da T, sabon tirak ya buɗe, wato layin da ake ɗora murya ko kiɗa guda a kai, ya rubuta masa suna. Kibiyar sama da ta ƙasa su ne suke yawo da shi tsakanin tirak-tirak, duk wanda ya sauka a kai zai ji lambarsa da sunansa da halin da yake ciki, a kashe yake ko a kunne. Ya danna F7 ya ji an ce tirak ɗin ya shirya ɗauka, ya danna R ɗauka ta fara, ya danna sifes ta tsaya. F5 tana kashe muryar tirak, F6 tana barin shi kaɗai ya yi magana. Kuma idan ya manta aikin wani maɓalli akwai F12, idan ya kunna ta duk abin da ya danna za a gaya masa aikinsa ba tare da an aikata ba, wannan ita ce malamar sabon shiga.

Sai yanka, wanda shi ne mutane suka fi cewa ba zai yiwu ba tunda su da ido suke kallon zanen sauti su ga inda ya yi tudu da inda ya kwanta. A ce mawaƙin ya ja numfashi mai ƙarfi kafin amshi. Injiniyan zai riƙe kibiyar dama ko hagu sai sautin ya riƙa tafiya a hankali a kunnensa yana gurnani kamar an riƙe kaset da yatsa, ya ji ƙarshen kalma, ya ji shiru ɗan kaɗan, ya ji farkon numfashin, nan ya tsaya ya danna S ya raba. Ya ƙara matsawa har numfashin ya ƙare ya sake danna S, guntun da ya rage a tsakiya ya goge ko ya rage masa ƙarfi. Idan wurin ya yi ƙanƙanta sai ya yi zum, kowane taku na kibiya ya koma ɗan mitsitsi. Wallahi wanda hannunsa ya faɗa a wannan ba ya ɗaukar lokacin da mai maus yake ɗauka, kuma sau da yawa yankansa ya fi tsafta don shi abin da kunne zai ji yake bi, mai sauraro ma ai kunne zai sa ba ido ba.

Akwai kuma mitar nan mai kore da ja da take nuna ƙarfin sauti, wadda idan ta haura ta kai sifili, wato ƙololuwarta, murya ta fashe. OSARA tana da maɓallan da za ka danna ta faɗa maka lambar da sautin yake kai a lokacin, tana kuma da wani mai gadi da ake kira Peak Watcher, ka ce masa idan tirak kaza ya haura lamba kaza ka yi mini magana, sai ka ci gaba da aikinka shi yana tsaro. Rubuta kiɗa ma haka, a cikin editan MIDI, wato wurin da ake jera sautukan kayan kiɗa ɗaya bayan ɗaya, kana tafiya daga sauti zuwa sauti ana buga maka shi ana gaya maka sunansa da tsawonsa.

Kar a ɗauka abu ne na kwana biyu. Maɓallan suna da yawa ƙwarai, sai an haddace, kuma komai da Turanci yake magana, da sauri kuma, don masu amfani da sikirin rida suna ƙure mata gudu har mai gani ya kasa gane me take cewa. Amma wahalar koyo ce irin wadda ake gamawa.

Inda ake cin karo: sawun kad da fulogin

Matsala ta farko da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa ita ce shiru. Don a ɗauki murya ba tare da jinkiri tsakanin baki da hedifon ba, a Windows ana amfani da wata 'yar manhaja mai sarrafa sauti, wato direba, da ake kira ASIO, shi kuma wani lokacin idan ya kama sawun kad, wato na'urar da sauti yake shiga da fita kwamfuta ta cikinta, ba ya barin kowa ya yi amfani da shi, musamman ASIO4ALL ɗin da masu ƙaramin ƙarfi suke sakawa. Mutum ya shiga saitin ya zaɓi ASIO ya danna OK, kawai sai NVDA ta ɗauke wuta. Mai gani a nan zai koma ya canza ne kawai, shi kuwa wanda muryar nan ce allonsa an bar shi a tsakiyar taga bai san inda yake ba, bai san me zai danna ya fita ba. Maganin da aka saba shi ne a raba musu hanya tun kafin a fara, REAPER ta bi ta sawun kad na waje, sikirin rida kuma a tsayar da ita a kan sifikar laptop ɗin ko wani ƙaramin sawun kad na USB mai arha.

Rabawar tana da wani amfanin ma. Idan muryar sikirin rida tana bin hanya ɗaya da kiɗa toh mawaƙin da yake cikin ɗakin ɗauka zai riƙa jin ta a hedifon ɗinsa yana tsakiyar baiti, idan kuma ta sifika take fita a ɗaki ɗaya da makirfo sai ta shiga cikin rikodin. Shi ya sa za ka ga wasu da ɗan iyafis a kunne ɗaya na sikirin rida kaɗai. Akwai na'urar rubutun makafi da ake jonawa da kwamfuta mutum ya karanta da yatsa ba sauti, ita ce ta fi dacewa da situdiyo, sai dai kuɗinta ya fi na laptop ɗin kansa.

Matsala ta biyu ta fi girma, fulogin. Su ne ƙananan manhajojin da ake ɗorawa a kan tirak, na gyaran murya, na amsa-kuwwa, na otocun, na kayan kiɗa kamar fiyano da goge da ganguna. Kowane daga kamfani daban yake, kowa da zanensa, kuma yawancinsu hoto ne zalla. A nan ma OSARA ta yi dabara, tunda dole kowane fulogin ya gaya wa DAW jerin abubuwan da ake iya murɗawa a jikinsa, sai ta ɗauko wannan jerin ta ba ka shi a rubuce, ka zaɓi ɗaya ka ƙara ko ka rage ba tare da ka taɓa fuskar fulogin ɗin ba. Yana aiki sosai idan kamfanin ya sa wa abubuwan suna mai ma'ana. Wani kuma sai ka tarar da jeri na ɗaruruwa ba suna sai lamba, ko kuma abin da ka fi buƙata, wato wurin zaɓen sauti ko loda fayil, ba ya cikin jerin sam.

Idan aka kai nan sai a koma dabarun dole. NVDA tana da hanyar ɗaukar hoton taga ta karanto rubutun da ke ciki, sai mutum ya kai maus kan kalmar ya danna. Wasu suna adana wuraren dannawa, mai gani ya nuna musu sau ɗaya su ajiye lambar wurin. Duk suna fitar da mutum kunya amma da an canza girman allo ko an yi abdet sai a sake daga farko. Wani abin haushin kuma sau da yawa fulogin ɗin kansa yana amfanuwa, manhajar da ake saukar da shi da ita ko wurin saka lasin ne ba ya magana, ka biya kuɗinka cif amma sai ka nemo wanda zai danna maka maɓalli ɗaya.

Su kamfanonin me suke cewa, kuma wa ya motsa?

Hujjarsu ba ɓoyayya ba ce. Suna cewa makafin da suke sayen kayan kaɗan ne, manhajar kuma an gina ta shekara ashirin ko fiye da suka wuce, a koma a sa wa kowane maɓalli suna aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, ƙananan kamfanonin fulogin kuma wani mutum biyu ne ko uku. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma maganar cewa masu sayen kaɗan ne tana cin kanta, ta yaya za su yi yawa a kayan da ba sa iya buɗewa? Kuma duk inda aka gyara an ga sun zo.

Kamfanin Avid sun sa manhajarsu ta situdiyo Pro Tools ta yi magana da VoiceOver a Mac bayan makafin injiniyoyi irin su Slau Halatyn na New York sun daɗe suna bin su, daga baya aka yi Flo Tools da yake ƙara sauƙaƙa shi, har kwalejin kiɗa ta Berklee a Boston tana da ajin da Chi Kim yake koya wa ɗalibai makafi wannan aikin. Logic da GarageBand na Apple suna tafiya da VoiceOver. Native Instruments na Balin sun yi abin da ya burge ni ƙwarai a kibod ɗinsu na kiɗa mai suna Komplete Kontrol, abin murɗawar yana jin taɓi, kana ɗora yatsa a kai kafin ma ka murɗa zai faɗa maka sunan abin da yake riƙe da shi, kaga an dawo wa mutum da abin da ya rasa tun zamanin tebur. A 2021 kuma JUCE, wani ginshiƙi da kamfanonin fulogin da yawa suke gini a kansa, ya saka tallafin sikirin rida a sigarsa ta 6.1, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci duk da ba a yi ta yayata shi ba, don ya rage wa ƙananan kamfanoni uzuri. Surge XT ma, kayan kiɗa na kyauta, an gyara shi yana magana.

Su kansu makafin ba bakinsu ɗaya ba. Wasu sun ce Mac da Pro Tools ko Logic, don su ne za ka tarar a manyan situdiyo kuma kamfanin da kansa ne ya ɗauki nauyi. Wasu sun ce Windows da REAPER, don arha kuma waɗanda suke gyara OSARA su ma da ita suke aiki kullum, ka kai kuka yau wataƙila a gyara cikin sati. Ga mutumin da yake Kano ko Zariya ko Maraɗi ni ban ga abin jayayya ba, kuɗin Mac kaɗai ya yanke hukunci.

Abin da wannan yake nufi a wajenmu

Makaho da waƙa ba baƙin juna ba ne a ƙasar Hausa. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne kuma har yau ana karanta waƙoƙinsa a jami'a, a wannan zamanin ga Yahaya Makaho, ga alarammomi da masu bege da ba sa gani birjik. Amma ka lura, kusan kullum wurinsu a gaban makirfo ne, kujerar gaban kwamfuta ta wani ce. Kuma wanda yake kan kujerar nan shi yake yanke yadda aikin zai fita, shi ake biya kuɗin seshan, shi fayil yake hannunsa.

Babban dalili shi ne manhajar da aka saba da ita. Yaranmu masu haɗa bit yawanci a FL Studio suka buɗe ido, wasu Cubase, kuma FL Studio tana cikin waɗanda sikirin rida ba ta samun abin kirki a cikinsu. Toh yaro mai lalurar gani ya je koyon aiki, ogan situdiyo da zuciya ɗaya ya zaunar da shi, aka kunna NVDA ta yi shiru, sai kowa ya ce kaga abin ba zai yiwu ba, Allah ya ba da haƙuri. Alhali da REAPER aka buɗe a wannan kwamfutar da labarin ya canza. Ga kuma kirak, wato manhajar da aka fasa ake amfani da ita ba lasin, wanda kowa ya san da shi ake aiki a wurare da yawa, shi ma ƙarin bala'i ne ga makaho don tagogin da ake bi a saka shi ba sa magana, kuma ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Lissafin kuɗin bai kai yadda ake tsoro ba. NVDA kyauta, OSARA kyauta, REAPER ana gwada ta kwana 60 cikakkiya ba a rage komai ba, lasin ɗinta na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, na babban kasuwanci dala 225. Fayil ɗin saukar da ita ƙarami ne ba ya cin data, kuma tana tafiya a tsohuwar laptop ta hannu. Dala 60 a canjin yanzu ba wasa ba ce, amma a kwatanta da sauran. Wanda kuma aikinsa murya ce kawai ba kiɗa ba zai iya farawa da Audacity, kyauta ce kuma tana tafiya da NVDA.

Kuma dan Allah a daina kallon abin a waƙa kaɗai. Wa'azi da tafsiri da ake ɗauka a masallatai suna buƙatar mai tace su, karatun Alƙur'ani haka, tallan rediyo, sanarwar biki, littattafan Hausa da ake karantawa ana ɗorawa a YouTube, shirye-shiryen fodkas, duk aikin yanka da share hayaniya da daidaita murya ne, kuma duk ana biya. Mai situdiyon da yake tsoron ai ni FL nake amfani da ita ta yaya za mu yi musayar aiki, amsar ita ce a fitar da kowane tirak daban a matsayin fayil ɗin sauti na WAV, kowace manhaja tana buɗe shi, dama haka ake yi tsakanin situdiyo da situdiyo.

Fiyanon Yamaha da kiɗan nanaye ya ginu a kansa ma abin dubawa ne. Tsofaffin samfurinsa na PSR maɓallai ne da lambobi, mutum ya haddace lambar sauti ya danna, shi ya sa makafi suke jin daɗinsu. Sababbin manya sun koma allon shafawa, wanda yatsa ba ya bambance komai a kai. Yamaha sun saka jagoran murya a samfurinsu na Genos, amma wanda zai saya wa mai lalurar gani kibod gara ya bar shi ya taɓa da hannunsa kafin a biya.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ba za ta tilasta wa kamfanin da yake Beljiyam ko Jamus ya gyara manhajarsa ba. Inda take da hannu shi ne a gida, gidajen rediyo da sashen koyon aikin jarida a jami'o'i da kwalejoji da cibiyoyin koyar da sana'a, waɗanda su suke zaɓar abin da za a ɗora a kwamfutocinsu. Makarantun makafi irin ta Gindiri da aka kafa tun 1953 da sauran na jihohi, inda ake koyar da kwamfuta da sikirin rida, ƙara REAPER da hedifon da makirfo ɗaya a ɗakin kwamfutar ba zai gagare su ba.

Abin da ya fi ƙaranci shi ne malami da Hausa. Darussan da ake da su na sauti ne masu kyau, makafi ne suka yi wa 'yan uwansu, amma da Turanci suke, kuma muryar Turancin sikirin rida idan ta zo kan sunan tirak ko baitin da aka rubuta da Hausa kwaɓa shi take yi, ƙ da ɗ da ɓ kuwa wani lokacin ta tsallake su gaba ɗaya, har mutane suna rubuta sunan fayil ba ƙugiya don dai su gane abin da aka karanto musu. Wanda ya riga ya iya REAPER da OSARA a cikinmu, ya zauna ya ɗauki darasi goma da Hausa, daga saka NVDA da raba sawun kad har zuwa fitar da waƙa, a tura a WhatsApp, zai isa wuraren da babu wata makaranta da za ta kai nan kusa.